Gindin Kofin Surukata

Kwana tara bayan na yi haihuwar fari na fasa kwanon sukarin Umma. Ba wanda ya ture ni, ba kyanwa ba ce, ba iska ba. Ni ce da kaina na miƙa hannu daga kan gado, jaririya na riƙe a ɗaya hannun, don kawai ba ni da haƙurin jira a zo a miƙo mini. Kwanon ya zame, ya bugi ƙafar gadon, ya tarwatse. Na zauna ina kallon sukari da gutsattsarin shuɗin gilashi a cakuɗe a ƙasa, sai na fashe da kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka fita da gawarta.

Shekara guda da 'yan watanni ke nan da rasuwar Umma a lokacin. Da aka raba 'yan kayanta, yayyena suka ɗauki tufafi da tukwane, ni kuwa wannan kwanon kaɗai na ce ina so. Mai kauri ne, shuɗi shar kamar an tsamo shi daga marina, murfinsa ya ɓata tun ban yi wayo ba. Da shi na zo gidan Inna, ƙanwar Umma, inda aka kawo ni wankan jego tunda babu uwar da zan koma ɗakinta. Mijina yana can gonakin Simsim, nesa da gari, a bakin gyaran tarakta, sai dai mu gaisa ta waya in ya hau tudu ya samu layi.

Inna ta leƙo ta ga abin da ya faru. Ba ta ce mini sannu ba.

“Kar ki sauke ƙafarki,” ta ce.

Ta dawo da faifai da ƙaramar tsintsiya. Ta tsince manyan da hannu ɗaya bayan ɗaya, ta share ragowar gaba ɗaya, da sukarin da ƙasar, ta zuba a kwarya. Ta kwarara ruwa a kai ta dama har sukarin ya narke, sannan ta tace da tsohon ɗankwali. Har ɗan ƙurar da bai kai ƙwayar riɗi ba sai da ta fitar da shi. Ni kuwa ina ta sheshsheƙa, ina jin haushin yadda ko a jikinta.

“Halas, ya isa haka, za ki ɓata wa yarinya nono,” ta ce. “Kwano dai ya tafi, ba ni da yadda zan dawo miki da shi. Amma in Allah ya yarda zan fitar miki da ɗan faranti na zuba dabino. Sai dai ki sani, sau ɗaya zai shiga wuta. In ya fito, alhamdu lillahi. In ya fashe, ba ni da wani gilashin yayata da zan sake da shi.”

Sai a lokacin na tuna cewa ita ma 'yar'uwarta ce ta rasa.

Inna ba ta yi karatun wannan sana'a a wurin kowa ba. Kaskon turare take ginawa tun tana budurwa, irin wanda kowace mace a garinmu Gadarif, nan Sudan, take da biyu ko uku. Marigayi mijinta kuma mai yankan gilashi ne a kasuwa, yana sa wa mutane a taga da kabad da gaban manyan motoci. Wata rana guntun kwalba ya faɗa cikin wani kasko ba ta lura ba, ta gasa shi haka. Da ta buɗe sai ta tarar ya narke ya kwanta a ciki, kore shar, sumul. Da wata matar ce, da ta yi tsaki ta jefar. Ita kuwa ta ce wa mijinta daga yau kar ya ƙara zubar da rarar yankansa. Tun daga nan take ɓatawa tana gyarawa, har ta kai fatake masu zuwa Gallabat, kan iyakar Habasha, suna tsayawa a ƙofar gidanta su karɓi duwatsun wuya da 'yan farantan ɗora finjalin jabana, wato gahawarmu, wai matan Habasha suna son su.

Ni dai a da raina abin nake yi. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, ina ganin wasa da fasassun kwalabe ne kawai na tsohuwar da ba ta da aikin yi. Jego ne ya zaunar da ni wuri guda. Ba fita, ba aiki, daga wanka da tafasasshen ruwan ganye sai kunun kanwa da madida, wato kunun hulba mai kauri, sai kwanciya. Ƙofar ɗakin da nake tana kallon rumfar da take aiki, don haka dole na kalla, kuma yabon gwani ya zama dole.

Kayan aikinta ba su cika kwando ba. Akwai almaza, wato abin yankan gilashi na mijinta, mai ɗan ƙaramin ƙarfe a baki, wanda take tsoma wa kananzir kafin ta ja layi. Sau ɗaya take ja, ba ta maimaitawa, ta ce wanda ya koma kan layinsa ya kashe almazarsa. Akwai filaya da ta naɗe bakinta da tsumma, da dutsen wasa wuƙa da kullum yake jiƙe a kwano, da tsohon tabarau baƙi na masu walda. Tandar kuwa da hannunta ta gina ta, da ƙasar suri da kashin jaki, tsayinta bai wuce ƙugu ba. Gawayi a ƙasa, sannan wani kasko mai faɗi mai murfi a sama, a cikinsa gilashin yake kwanciya don kar toka ta taɓa shi. A gefe akwai ɗan rami da take toshewa da curin laka, shi take kira ido. A ƙasa kuma ta maƙala ƙaramar fankar da ta ciro daga matacciyar mota, tana juya ta da batir. Da, zugazugi take yi da hannu, sai kafaɗa ta gaza.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba ta taɓa gilashin Umma ba. Damina ce take ƙarewa, ruwa yana zuwa yana ɗaukewa, baƙar lakar nan tamu tana cire wa mutane takalma a lungu. Na dame ta da tambaya. Ta ce kaskon da ya sha raɓa ba ya shiga wuta, domin danshin da ke cikinsa zai taso ya huda gilashin ya bar masa ƙuraje. Sai da ta samu rana uku a jere ta dama farar ƙasa ruwa-ruwa, ta shafe cikin kaskon, ta shanya, ta sake shafawa, har sau uku. Wannan shi ke hana gilashi kama kasko. Na ce mata a haka sai yarinyar nan ta yi aure ba mu ga faranti ba.

“Ke da kika fasa don sauri, ke ce kuma za ki koya mini sauri?” ta ce.

Ranar da ta fara jerawa ne na ga ƙanƙantarsa. Ta wanke kowane guntu da sabulu ta goge, daga nan ba ta ƙara taɓa fuskarsa da yatsa ba, sai ta gefe, wai maiƙon hannu yana barin hazo da ba ya fita. Ta jera su a kaskon hawa biyu, na sama yana rufe tsagar na ƙasa. Duka-duka bai wuce tafin hannuna ba. Na ce ta shimfiɗa su hawa ɗaya mana ya ƙara faɗi. Ta ce gilashi yana da kaurin da yake so, kamar na ɗan ƙaramin yatsa a kwance. In ka ba shi ƙasa da haka zai tattare kansa ya bar ramuka, in ka ba shi fiye zai malale ya nemi hanya.

“To ki ƙara da wani shuɗin. Ga kwalbar maganin ciki can, ai launinsu ɗaya,” na ce.

Ta tashi ta jawo wani tsohon baho daga bayan rumfa ta ajiye a ƙofar ɗakina. Cike yake da fasassun abubuwa masu kyan gaske, kore da ja da fari a haɗe, kowanne ya tsage gida biyu ko uku.

“Duk waɗannan lafiya lau suka fito daga wuta,” ta ce. “Wani kwana biyu ya yi, wani wata guda, ina zaune sai in ji ƙas. Ba launi ba ne, ya bitti, 'yata, asali ne. Suna da zafi kowa son kowa yake, sai su rungume juna. In sun fara hucewa, wannan ya takure da yawa, wancan ya takure kaɗan, kowa ya ja nasa, sai abu ya tsage. Shekara nawa na yi kafin in gane. Yanzu kwalba ɗaya, aiki ɗaya. Ba na haɗa gilashin da ban san uwarsa ɗaya ba.”

Matsalar ita ce bakina. Duk macen da ta shigo duba mai jego sai na ba ta labarin kwanon, da yadda gilashin bai isa ba. Mu kuwa a unguwarmu ba a jin abu bai isa ba a koma gida a kwanta. Washegari mata suka fara shigowa da gudummawa: wannan da fasasshen kofi a ƙulle a leda, waccan da kwalbar turare, wata har da guntun madubi. Inna ta riƙa karɓa da hannu biyu tana sa albarka, tana cewa wallahi za su yi amfani. Ba ƙarya ta yi ba, domin daga baya duwatsun wuya ta yi da su, kowanne shi kaɗai. Amma ko ɗaya bai kusanci kaskon ba. In sun fita sai ta harare ni, ni kuma in sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara wa yarinya zani.

Ranar da za a sa wuta, kwanana talatin da ɗaya, Inna ta tashi tun da sassafe ta fasa gawayi daidai-daidai. Kaskon yana kan tabarma a buɗe, shuɗin gilashin yana jere, saura a rufe. Sai muka ji sallama. Surukata ce, uwar mijina, wadda kowa yake kira Hajja. Doguwar mace ce marar yawan magana, ta tako tun daga ɗaya gefen gari, gefen lulluɓinta duk laka. Tsakanina da ita sai gaisuwa a durƙushe. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, kuma gaskiya tsoronta nake ji.

Bayan an gaisa ta ɗauki jikarta ta yi mata addu'a, sai ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani abu. Gindin kofin shayi ne, mai ruwan zuma, kewayayye, mai kauri. Ta matsa kan kaskon, ta yi bismilla, ta ɗora shi a tsakiyar gilashin Umma da hannunta.

“Na ji an ce bai isa ba,” ta ce. “Ga nawa.”

Sannan ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna, ta ce yau sai ta ga yadda ake dafa kwalba da idonta.

Na ji kamar an zuba mini ruwan wankan jego a ka. Na tuna bahon nan. Wannan abu mai kauri a tsakiya, in ya ja nasa, ba gefe zai ci ba, farantin gaba ɗaya zai raba. Na kalli Inna ina ƙifta mata ido, ina girgiza kai a ɓoye. Ni ba zan iya magana ba, surukata ce. Inna ma ba za ta iya cewa babbar mace, baƙuwa, uwar mijin 'yarta, ta ɗauke abin da ta ɗora da bismilla ba. Da ta ajiye ta tafi da sauƙi, amma ga ta zaune ta zuba tagumi tana kallo.

Inna ta daɗe tana duban kaskon. Sannan ta yi murmushi.

“Ma sha Allah, Hajja, kamar kin san abin da nake nema. Faranti ba kunne, ta ina za a ɗauke shi? In kin yarda in mai da shi nan gefe, ya zama shi ne mariƙi.”

“Ke ce mai aiki,” in ji Hajja. “Ni dai ya shiga.”

Na zuba wa hannun Inna ido. Ta ɗauke gindin kofin ta wanke shi ta goge, ta kwantar da shi a wajen da'irar. Sai ta zaɓi wani siririn guntu shuɗi, bai fi farce ba, ta ɗora shi ya haye tsakaninsu, rabi a kan kofin, rabi a kan farantin. Ko'ina hawa biyu ne, nan kaɗai ta bari hawa ɗaya. Ta rufe kaskon ta ɗora a tanda. A lokacin ban fahimci abin da ta yi ba, abin da na sani kawai shi ne baƙon gilashi ya shiga wuta tare da na uwata.

Da 'yar wuta kaɗan ta fara, wadda ko shayi ba za ta tafasa ba. Ta ce gilashi mai sanyi in ya ji zafi farat ɗaya tsalle yake yi ya watse, sai an lallaɓa shi. Tun hantsi take ƙara gawayi da ɗai-ɗai, sai da rana ta take tsaka sannan ta kunna fanka. Tandar ta fara gurnani. Can ta sa baƙin tabarau, ta cire curin laka ta leƙa ta idon, ta mayar. Ta yi haka ya fi sau goma. Ba ta da agogo, ba ta da ma'aunin zafi. Launin cikin take karantawa, daga ja mai duhu zuwa ruwan lemo, da kuma bakin gutsattsarin, in kaifinsu ya mutu sun fara sheƙi. Sau ɗaya ta kira Hajja ta ba ta tabarau. Hajja ta leƙa ta ɗago, ta ce subhanallah a hankali. Ni ba a kira ni ba, wai mai jego ba ta kusantar irin wannan wuta, kuma ko an kira ni ba na jin zan je, don cike nake fam.

Da ta ga ya kwanta, sai ta kashe fanka, ta ɗan ɗaga murfin tandar na ɗan lokaci kaɗan don ya daina malala, ta mayar. Daga nan ta shiga toshe kowace kafa da ɗanyar laka, har idon. Ta tara toka mai zafi ta lulluɓe tandar, ta kifa tsohon rabin ganga a kai.

“Shi ke nan, ya shiga jego,” ta ce. “Sai jibi. Duk wanda ya buɗa masa iska ya shige shi, ni da shi ne.”

Hajja ta yi dariya, ranar na fara jin dariyarta. Ta sha jabana, ta yi azahar, ta tafi.

Ko ƙofar gida ba ta gama rufuwa ba na fito tsakar gida, abin da aka hana ni. Na faɗa wa Inna maganganu. Na ce ita da bakinta ta ce ba ta haɗa gilashi, amma da ta ga babbar mace sai ta sayar da kwanon uwata don a ce tana da kirki. Na ce da na sani da na ƙulle gutsattsarin a tsumma na ajiye, ko ba komai ina da su. Ta bar ni na gama, tana wanke laka daga hannunta.

“Ke me ya hana ki magana? Ba baki gare ki ba? Ga shi yanzu ya buɗe.”

Ta yarfe ruwan hannunta ta ci gaba.

“Ana barin halas don kunya, ni da ke duka mun bari. Amma ban sayar da komai ba. Zai tsage, wannan ba makawa. Abin da na yi, na nuna masa inda zai tsage. Tsaga ragguwa ce, wurin da ya fi rauni take bi. Na ba ta siririn wuya ta ci, ta bar mana sauran. In ta karɓa, to. In ta ƙi, sai ki yafe mini. Koma ɗaki kafin sanyi ya kama ki.”

Kwana biyun nan ban ji daɗin komai ba. Ina shayarwa ina kallon gangar nan. Sau ɗaya da la'asar, Inna ta shiga maƙwabta, na lallaɓa na ɗora tafin hannuna a jikinta, na ji da sauran ɗumi, na koma da sauri kamar ɓarauniya.

Ranar da kwana biyun suka cika, sai da rana ta fito sosai Inna ta fasa lakar. Ta taɓa murfin kaskon da bayan hannu, ta ƙara jira, sannan ta buɗe. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Gutsattsarin nan duk sun zama abu guda, sumul, gefensa a zagaye ba kaifi. Da ta ɗaga shi a rana sai ga layukan inda suka haɗu suna nan a ciki siri-siri, da 'yan ƙananan kumfa guda uku. Shuɗin bai canza ba ko kaɗan, shi ne dai wanda na sani a gaban Umma kowace safiya. Ga kunnen ruwan zuma a gefe, ya zauna daram, har ya fi kyau da shi. Na ce ko dai asalinsu ɗaya ne, mun yi sa'a.

“Kar ki ɗauke shi ta kunnen,” abin da Inna ta ce ke nan. Ta shimfiɗa tsumma a kan kabad ta ajiye shi.

Kwana huɗu yana nan lafiya, har na fara yi mata tsiya ina cewa gwanaye ma suna kuskure. A na biyar, da hantsi, ina yanke wa yarinya farce, sai na ji ƙas, ƙara 'yar ƙarama. Na saki hannun yarinyar na juya wajen kabad. Inna ce ta shigo daga rumfa, ita ma ta ji. Ta tsaya a gaban kabad ɗin ta ba ni baya, na ga ta daɗe, sannan ta juyo da abu biyu a hannu. Kunnen ya rabu, ya tafi da ɗan shuɗi kamar farcen babban yatsa manne a jikinsa. Farantin yana nan, sai ɗan giɓi a gefe. Ta ɗaga shi a haske ta juya shi ta ko'ina, ta ƙwanƙwasa da farce ta kasa kunne. Tsagar ba ta shiga ciki ba.

Ta rungume farantin a ƙirjinta. Sai ranar na gane ita ma kwana bakwai ta yi da tsoro, ba ta dai nuna ba. Ta zauna a bakin gado ta ce alhamdu lillahi ya fi sau nawa. Da yamma ta ɗauko dutsen wasa da ruwa ta goge bakin giɓin har ya daina kama yatsa, ta goge na kunnen ma. Na ce ta jefa shi a baho. Ta ce ba nata ba ne, ba nawa ba ne, in mayar wa mai shi.

Da na yi arba'in aka mai da ni gidan mijina, inda Hajja take da nata sashen. Da mutane suka ragu ta aiko a kira ni, ta ce in zo mata da farantin ta gani. Tun a hanya nake shirya ƙarya, zan ce hannuna ne ya buge shi, tunda an riga an san ni da ɓarna. Na durƙusa na miƙa mata farantin, sannan na ajiye kunnen a gabanta. Ta shafa giɓin da babban yatsa, ta ɗauki kunnen ta gwada shi a wurin, ta sake cirewa.

“Faɗuwa ya yi?”

Ƙaryar tana bakina, amma sai na ji na ce a'a. Kaina a ƙasa na gaya mata duka, da zancen asali, da bahon Inna, da siririn wuyan da aka ba tsaga.

“Tun ranar kun sani?”

“Mun sani, Hajja.”

“Ina zaune kuna kallona, kuka sa shi a wuta.”

Na ƙara sunkuyar da kai. Ta ajiye farantin a cinyarta.

“Kofin uwarki ne,” ta ce. “In ta zo gidan nan da shi take shan shayi, ba ta yarda da wani. Tun da ta rasu ban bari kowa ya taɓa shi ba. Da na ji an ce gilashinta bai isa ba, ni na fasa shi da kaina, da taɓarya, na zaɓo inda ya fi kauri.”

Na ɗago na kalle ta, karo na farko tun da aka kawo ni gidan. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta canza ba.

“Da kun ce mini zai cuce ta, da hannun nan zan ɗauke. Ni za a ji wa kunya a kan kayanta? Ashe har yau baƙuwa kuka ɗauke ni.”

Na ce ta yafe mana. Ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ake faɗa in akwai. Ta miƙo mini farantin da hannu biyu. Kunnen kuwa ta juya shi ta ga ɗan shuɗin da ya taho da shi, ta daɗe tana kallo.

“Wannan kuma ba zan mayar ba,” ta ce, ta ƙulle shi a bakin mayafinta.